An ce hauhawar farashi ta sauka, me ya sa kasuwa ba ta ji ba?

Duk watan da hukumar ƙididdiga ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi, rigima ɗaya ake maimaitawa. Jami'i zai fito ya ce an samu sauƙi, ta sauka daga kaza zuwa kaza. Kafin ya rufe baki jama'a sun yi masa ca: ƙarya ne, wai ku wace kasuwa kuke zuwa? Abin haushin shi ne dukansu kan lamba ɗaya suke jayayya, kuma ba wanda yake tsayawa ya faɗi abin da lambar take aunawa.

A ganina, mafi yawan lokuta lambar nan ba ƙarya ba ce. Mai cewa shi bai ga sauƙi ba, shi ma gaskiya ya faɗa. Laifin yana wuyan masu ɗauko lamba guda su miƙa wa mutane miliyoyi a matsayin labarin aljihunsu. Ya kamata duk hukumar da ke buga wannan lamba ta riƙa buga wasu abubuwa biyu tare da ita: inda farashi ya kai idan aka kwatanta da shekarun baya, da kuma hauhawar da gidaje masu ƙaramin ƙarfi suke fuskanta su kaɗai.

Saukar hauhawa daban, saukar farashi daban

Rabin rigimar nan a nan take. A ce tarin kayan da gida yake saya ya ci 100 a bara waccan. Aka yi hauhawar kashi 30 cikin ɗari, ya koma 130. Bana hauhawar ta sauka zuwa kashi 15. Nawa kayan suka koma? 149.5. Hauhawa ta ragu da rabi, amma mai cefane yana biyan kusan rabin kuɗi a kan abin da ya saba biya shekara biyu da suka wuce. Hawan bai tsaya ba, gudunsa ne ya ragu.

Kafin farashi ya sauko da gaske, sai lambar ta faɗa ƙasa da sifili, kuma wannan ba kasafai yake faruwa ba. A Amurka hauhawar ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, ta dawo kashi 3 a Yunin 2023. Kayan da suka yi tsada a tsakani, jimillarsu ba ta koma farashin da ba.

Akwai kuma wata dabara da lissafin kansa yake yi. Lambar da ake sanarwa tana kwatanta wannan wata ne da takwaransa na bara. To a ce farashi ya yi tsalle sau ɗaya daga 100 zuwa 120, sannan ya tsaya cak. Wata goma sha biyu lambar za ta yi ta nuna kashi 20. A wata na goma sha uku sai ta faɗo zuwa sifili dare ɗaya, alhali ba abin da ya motsa a kasuwa, tsallen ne kawai ya fita daga lissafi. 'Yan siyasa suna son irin wannan wata. Wanda ya san kan abin sai ya nemi hauhawar wata zuwa wata, ya ga ko akwai wani sauƙi na gaske.

Yadda ake haɗa lambar

Aikin yana farawa ne da binciken gidaje. A zaɓi gidaje dubbai, a bi su a rubuta abin da suke kashewa, galibi tsawon shekara guda don kowane yanayi ya shigo. Daga nan a fitar da abin da ake kira kwandon kaya, wato jerin kayayyaki da hidimomin da ke wakiltar sayayyar jama'a: abinci, sutura, haya, wuta da ruwa, sufuri, magani, makaranta, sadarwa da sauransu. Kowane rukuni a ba shi nauyi gwargwadon kason da yake ci a kuɗin da ake kashewa.

Sai masu tattara farashi su bazama duk wata. Ƙa'idarsu ita ce kaya ɗaya, shago ɗaya, girma ɗaya, lokaci ɗaya na wata. A Birtaniya an shafe shekaru ana tattara farashi kusan 180,000 na kayayyaki sama da 700 a kowane wata. Daga nan a haɗa farashin kowane kaya ya zama ƙaramin ma'auni, a ninka shi da nauyinsa, a tara. Abin da ya fito shi ne ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda ake taƙaitawa da CPI. Ana ɗaukar wata shekara a ce ita ce 100, sauran a auna su da ita.

Tushen dabarar tsoho ne. Wani Bajamushe, Étienne Laspeyres, shi ya tsara ta a 1871: ka riƙe adadin kayan yadda yake, ka bar farashi kaɗai ya motsa. Wannan riƙewar ita ce ƙarfin ma'aunin, kuma daga gare ta yawancin matsalolinsa suke fitowa.

"To me ya sa nawa ya fi nasu?"

Saboda kwandonka ba shi ne kwandonsu ba. Bari mu gwada da ƙagaggun alƙaluma. A ce abinci ya hau da kashi 40, haya da kashi 10, sufuri da kashi 30, sauran kaya da kashi 5. A ce kuma ma'aunin ƙasa ya ba abinci nauyin 50, haya 20, sufuri 10, saura 20. Lissafi zai ba da 20, da 2, da 3, da 1. Jimilla kashi 26. Ita za a sanar.

Yanzu ga gidan da abinci ke cinye kashi 70 na kuɗinsa, haya 15, sufuri 5, saura 10. Nasa ya kama kashi 31.5. Ga kuma gidan mai hali: abinci 20, haya 30, sufuri 15, saura 35. Nasa kashi 17.25. Farashi ɗaya, wata ɗaya, amma tsakanin gidajen biyu akwai tazarar maki sama da 14. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun 1857 masanin ƙididdiga Ernst Engel ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon kason da abinci ke ci a samunsa. Haka abin yake tsakanin ƙasashe ma. A ma'aunin Amurka abinci bai kai kashi 15 ba, a ma'aunin Indiya da aka ɗora kan shekarar 2012 abinci da abin sha sun kusa kashi 46.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Nauyin nan ana fitar da shi ne daga jimillar kuɗin da aka kashe, ba a ƙirga gida-gida. A ce gida tara kowanne yana kashe 100 a wata, gida na goma yana kashe 900. A wurin ma'aunin, gidan nan guda ya yi daidai da sauran taran gaba ɗaya. Don haka "matsakaicin gida" da ake magana a kansa ya fi yawancin mutane wadata. Inda gibin arziki ya fi faɗi, nan ma'aunin ya fi karkata ga sayayyar masu kuɗi.

Wannan ba zato ba ne. Lokacin da hauhawar Birtaniya ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, hukumar ƙididdigar ƙasar ta raba lissafin bisa samun gidaje, aka ga na masu ƙaramin ƙarfi ya ɗara na masu hali da kusan maki ɗaya da rabi, don abinci da makamashi su suka fi tashi. A ƙasar da abinci ke cin rabin kuɗin gida, tazarar za ta iya wuce haka nesa.

Kuma da wannan lamba ake ciniki. Da ita ake zaman ƙarin albashi, da ita ake gyara fansho a ƙasashe da dama, ita babban banki yake kallo kafin ya taɓa kuɗin ruwa. Ma'aikacin da aka ƙara wa kashi 20 a shekarar da lambar ƙasa take 26, a takarda ya yi asarar kusan kashi 5 na ƙarfin sayayyarsa. Idan kwandonsa irin na gidan nan da abinci ke cinye kashi 70 ne, asarar ta kusa kashi 9.

Inda aikin yake ɓaci ko da niyya mai kyau ce

Na farko, rage awo. Kamfani ya bar farashi yadda yake, ya mayar da fakitin giram 500 zuwa 450. Wannan ƙarin kashi 11.1 ne a ɓoye. Idan mai tattara farashi ya duba kuɗin kawai bai duba nauyin ba, sai ya rubuta babu canji. A kasuwannin da ake sayar da kaya tsibi-tsibi ko da kwano abin ya fi wuya, domin tsibin ke ƙanƙancewa, farashin yana nan. Maganinsa ɗaya ne: a sayi kayan, a ɗora a sikeli, a mayar da farashin zuwa na kilo. Hukumar da ba ta ba ma'aikatanta sikeli da kuɗin saye ba, wani ɓangare na hauhawar yana wuce ta.

Haka batun ciniki. Farashin da aka yi wa baƙo mai littafi da biro a hannu ba shi ne wanda aka sallama wa mai saye ba. Idan tazarar biyun ba ta canzawa, ba damuwa. Amma a lokacin tsada mai kaya yana rage sassaucin da yake yi, don haka abin da ake biya yana hawa fiye da abin da ake faɗa.

Sai kayan da ya ɓace. An je shago, babu shi. Ma'aikaci mai son sauƙi zai maimaita farashin watan jiya, kuma wannan yana danne lambar daidai lokacin da ƙarancin kaya ke tura farashi sama. Abin da ya kamata shi ne a ƙiyasta shi da motsin makamantansa, in ya daɗe bai dawo ba a maye gurbinsa. Ka lura kuma: inda gwamnati ta ƙayyade farashi, kaya suka gudu bayan fage, ma'auni zai iya ta rubuta farashin hukuma na kayan da ba mai samunsu a haka.

Tsufan kwando shi ne babban ciwo. Binciken gidaje yana da tsada, sai a yi ta ɗage shi. Shawarar da ƙwararru suka tsayar a duniya ita ce kada nauyi ya wuce shekara biyar ba a sabunta shi ba. Amurka ta koma sabuntawa duk shekara tun Janairun 2023. Inda aka bar kwando ya shekara goma ko fiye, za ka tarar ana bin farashin abin da an daina saye, kuɗin data kuwa da ke cin aljihun kowa nauyinsa bai taka kara ya karya ba.

Har hanyar fitar da matsakaici tana da nata. A ce shago na farko ya ɗaga kaya daga 100 zuwa 200, na biyu ya sauke daga 200 zuwa 100. Kowa ya ga ba abin da ya canza, musanya kawai suka yi. Amma idan ka ce na farko ya ninka sau 2, na biyu ya koma 0.5, ka tara ka raba biyu, za ka samu 1.25, wato hauhawar kashi 25 da babu ita. Wannan hanya ce ake jingina wa wani masani mai suna Carli. Ta wani masanin mai suna Jevons, wadda ake ninka lambobin biyu a cire tushensu (square root), ita ke ba da 1, wato babu canji. Tsohon ma'aunin Birtaniya mai suna RPI yana amfani da ta Carli a wasu kayayyaki, kuma saboda haka aka tuɓe masa matsayin ƙididdigar ƙasa a 2013.

Muhalli kuwa har yau ba a daidaita a kansa ba. Mai zaune a gidan kansa ba ya biyan haya, to me za a auna? Tun 1983 Amurka take ƙiyasta hayar da zai biya da gidan na haya ne, kuma wannan ƙiyasi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin. Ma'aunin bai-ɗaya na ƙasashe masu amfani da Yuro ya bar shi a waje. Duk mai jera lambobin ƙasashe biyu yana cewa wannan ta fi waccan, ya fara tambayar me kowacce ta zuba a kwandonta.

"Ai masana cewa suke yi lambar zuzutawa take yi"

Haka ne, kuma suna da hujja. A 1996 kwamitin da masanin tattalin arziki Michael Boskin ya jagoranta ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa ma'aunin ƙasar yana ɗara gaskiya da kimanin maki 1.1 a shekara. Dalilansu: kaya suna ƙara inganci, sababbin kaya suna jinkirin shiga kwando, kuma mutane suna kauce wa abin da ya yi tsada su koma mai araha, shi kuwa kwando a daskare yake.

Batun inganci na yarda da shi. Wayar bana ba ita ce ta shekara goma baya ba, kuma ba adalci ba ne a ce duk bambancin kuɗin hauhawa ce. Sai dai ragin da ake yi saboda inganci bai kamata ya tsaya a gefe ɗaya ba. Idan sabulu ya koma saurin narkewa, ko yadi ya rage kauri, ko bas ta koma ɗaukar mutane fiye da kujerunta a kuɗi ɗaya, wannan ma sauyin inganci ne, kuma shi ne wanda ba a cika kamawa ba.

Batun kaucewa kuwa, ya dogara da wanda ake magana a kansa. Mai sayen kaya mai tsada yana da matakala a ƙasansa, zai iya saukowa. Wanda tun asali mafi araha yake saye, ina zai sauka? Shi kaucewarsa ita ce rage cin abinci ko fasa sayen magani. Lissafin da zai ɗauki wannan a matsayin dabarar mai saye ya yi kuskuren fahimtar abin da ya gani.

A nan ne kuma nake ganin ya kamata a ja kunnen masu son ambato ma'aunin da aka cire abinci da makamashi daga cikinsa. Babban banki yana da dalilin kallonsa, tunda waɗannan biyun suna hawa da sauka da yanayi da kasuwar duniya, kuma kuɗin ruwa ba ya sa a yi ruwan sama. Kayan aikin banki ne, ya zauna a banki. Amma a tsaya gaban magidanci a ce masa in ban da abinci da mai komai lafiya, wannan rainin hankali ne.

"Gwamnatoci fa suna murɗa ta"

Ya taɓa faruwa, ba musu. A farkon 2007 gwamnatin Ajantina ta sa hannu a hukumar ƙididdigarta, ta sauya masu kula da ma'aunin farashi. Shekaru aka yi lambar hukuma tana yawo wajen kashi 10, masu lissafi masu zaman kansu suna samun ninkinta ko fiye. A 2011 har tara aka ci wasunsu don sun buga nasu. A Fabrairun 2013 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata wa ƙasar a hukumance kan ingancin alƙalumanta, sai a 2016 aka dawo da sabon ma'auni.

Abin lura shi ne yadda aka kama su. Masana sun tattara farashin manyan shaguna daga intanet kowace rana, lardunan da ke nasu lissafin suka ci gaba da bugawa, aka jera aka ga ba su haɗu da na tarayya ba. Da hujja aka kama su. Cewa kawai "ni ban ga haka a kasuwa ba" ba ta isa, don ƙwaƙwalwar mai saye tana riƙe abin da yake saye kullum da abin da ya tashi, tana mance wanda ya tsaya wuri ɗaya. Haya da ba ta motsa ba shekara guda tana cikin lissafi, amma ba wanda yake zancenta.

Alamun murɗiya sanannu ne. A daina buga matsakaicin farashin kaya ɗaiɗai. A ɓoye nauyin rukunoni. A sauya hanyar lissafi ba sanarwa. A riƙa jinkirta ranar fitar da alƙaluma ba dalili. A kori ƙwararru daf da zaɓe. In ba ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba, ka fi kusa da gaskiya idan ka zargi tsohon kwando da ƙarancin kuɗin aiki.

"Lambobi da yawa za su rikita mutane, ga tsada"

Rikicewar ai tana nan tun yanzu, kuma lamba guda ce ta jawo ta. Mutumin da ke lissafin cefanen gida a ka, ya san kuɗin kowane abu na watan jiya da na bana, ba zai gaza fahimtar jumla biyu ba: kayan da suka ci 100 shekara uku baya yanzu sun kai kaza, kuma ga gidaje mafi ƙarancin samu sun kai kaza.

Tsadar ma ba wata ba ce. Farashin an riga an tattara. Binciken gidaje ya riga ya nuna abin da kowane rukunin masu samu yake kashewa. Abin da ya rage shi ne a raba gidajen kashi biyar daga mafi talauci zuwa mafi wadata, a ninka farashin da nauyin kowane rukuni, aikin da kwamfuta za ta gama kafin a sha ruwa. Gyara ɗaya ne zai ci kuɗi: a tabbatar ana bin farashin kaya masu araha da ƙananan awo a wuraren da talaka ke saye, domin mai sayen kaɗan-kaɗan ya fi mai sayen buhu biyan tsada a kan kowane kilo, kuma sauya nauyi kaɗai ba zai nuna wannan ba.

Lokacin da ya fi buƙatar sa ido shi ne ranar da aka sabunta kwando aka sauya shekarar tushe, wato wadda aka ce ita ce 100. Sabuntawar dole ce, kuma daidai ne. Amma nauyi yana canzawa, kaya suna shiga wasu suna fita, don haka lambar za ta iya faɗowa ko ta tashi da maki da yawa a wata ɗaya ba tare da ko kaya guda ya sauya farashi ba. Wanda ya ɗauki lambar ƙarshe ta tsohon ma'auni ya jera ta da ta farko ta sabo ya ce an samu sauƙi, abu biyu mabambanta ya gwada. Abin da za a nema daga hukumar a wannan rana shi ne ta buga tsohon da sabon tare na aƙalla wata goma sha biyu, ta bayyana adadin da ta yi amfani da shi wajen ɗinke su, ta kuma fitar da jadawalin tsohon nauyi da sabo a jere, rukuni bayan rukuni.